Darasi na 14: Yadda Ake Rage Ƙarar Kwamfutar Tebur

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abubuwan da ke sa kwamfutar tebur ƙara;
2. bambance ƙarar da ba ta da illa da wadda take nuna matsala;
3. faɗin matakan rage ƙarar ba tare da an lalata na'urar ba;
4. amfani da jimlolin umarni da hani da sharaɗi, da kuma kalmomin amsa-kama.

Karatu

Kwamfutar tebur ita ce wadda ake girkewa wuri ɗaya a ofis ko a makaranta, saɓanin ta tafi-da-gidanka wadda ake sawa a jaka. Tana da allo da madannai da linzami, sannan da wani akwati na ƙarfe wanda ya ƙunshi kayan cikinta. Daga wannan akwati ne ƙara take fitowa.

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta zama ta kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka makarantu da yawa sun tanadi ɗakunan kwamfuta domin ɗalibai su saba da ita. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan ɗaki ya san cewa idan na'urorin suna ruri, karatu ba ya shiga, kuma muryar malami ba ta kaiwa bayan aji. Ban da wannan, Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ƙarar kwamfuta gargaɗi ce. Wanda ya yi biris da ita yana iya wayar gari ya tarar na'urar ta ƙone, ko kuma aikin da ya yi shekaru yana tarawa ya salwanta.

*Yadda ake auna ƙara*

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. An samo sunan ne daga Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da ƙirƙiro wayar tarho. Raɗa takan kai kimanin desibel 30, hira ta yau da kullum kuwa kimanin desibel 60. Masana lafiya sun yi gargaɗin cewa zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon sa'o'i 8 a kullum yana cutar da kunne. Kwamfutar tebur ba ta cika kaiwa wannan matsayi ba, amma ƙararta tana gajiyar da mutum, tana kuma raba masa hankali.

Lissafin desibel ya sha bamban da lissafin da muka saba. Idan aka kunna na'urori 2 masu ƙara iri ɗaya, desibel 3 kawai ke ƙaruwa. Idan aka kunna 10, sai desibel 10 su ƙaru, kunne kuma ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Misali, idan kwamfuta ɗaya tana fitar da desibel 35, guda 10 irinta za su fitar da kimanin desibel 45. Shi ya sa ƙarar da ba ta dami kowa ba a gida takan zama fitina a ɗakin kwamfuta na makaranta.

*Daga ina ƙarar take fitowa?*

Tushe na farko shi ne fanka. Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha takan rikiɗe ta koma zafi. Masarrafa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta kai tafin hannu girma ba, amma da yawa daga cikinsu suna fitar da zafin da ya kai wat 65 idan suna aiki sosai. Don haka ake ɗora mata wani ƙarfe mai haƙora kamar mashaci, wanda yake zuƙe zafin, sannan fanka ta hura masa iska. Akwai wata fankar a cikin tukunyar wuta, wato ƙaramin akwatin da ke karɓar lantarki daga soket ya rarraba wa sauran sassa. Akan kuma sami ɗaya ko biyu a jikin babban akwatin. Idan zafi ya ƙaru, sai fankokin su ƙara gudu. Idan suka ƙara gudu, sai ƙara ta ƙaru.

Tushe na biyu shi ne ƙura, domin ita ce ke haddasa zafin. A lokacin hunturu, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, iska tana kwaso ƙura daga Sahara ta baza ta har kudancin Nijeriya. Fanka tana zuƙo wannan ƙura tare da iska, sai ta taru a tsakanin haƙoran ƙarfen kamar auduga, ta toshe hanyar iska. A yankunan da ke da laima, kamar Legas da Fatakwal, ƙurar takan jiƙe ta manne a fikafikan fanka. Idan wani fiffike ya fi wani nauyi, sai fankar ta riƙa girgiza.

Tushe na uku shi ne faifan ajiya. A cikinsa akwai faya-fayai masu sulɓi waɗanda suke juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya. Wanda ke juyawa sau 7,200 a minti yana zagayawa sau 120 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma wani ɗan hannu siriri da ke kai da komo a kansu yana karatu da rubutu. Motsinsa ne ke fitar da 'yar ƙarar nan ƙir-ƙir da ake ji idan an buɗe babban fayil.

Tushe na huɗu shi ne girgiza. Idan noti ya kwance, ko murfin akwati bai zauna daidai ba, ko wata waya ta saki tana taɓa fiffiken fanka, sai a ji kwaramniya. Teburin katako maras kauri kuma yakan amsa girgizar kamar ganga, ya ƙara mata ƙarfi.

*Saurara kafin ka taɓa*

Likita ba ya ba da magani sai ya gano cuta. Haka shi ma mai gyara yakan fara da kasa kunne. Kowace ƙara da abin da take nufi:

- Huci mai ƙarfi kamar na iska, fuu, yana nuna cewa fanka na gudu fiye da kima saboda zafi.
- Gurnani, musamman da zarar an kunna na'ura, alama ce ta cewa boris ɗin fanka ya cinye.
- Ƙara tar-tar-tar mai sauri tana nufin wani abu na taɓa fiffike.
- Tsuwwa siririya takan fito daga wasu ƙananan naɗaɗɗun wayoyi da ke rawa idan lantarki ya ratsa su. Tana da ban haushi, amma galibi ba ta da illa.
- Ƙara ƙas-ƙas-ƙas mai maimaituwa daga faifan ajiya ita ce mafi haɗari, domin tana nuna faifan ya kusa mutuwa. Abin yi nan take shi ne a kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya, kafin a yi maganar gyara.

Idan kuwa ƙugin daga lasifika yake fitowa, to laifin ba na akwati ba ne. Lantarkin Nijeriya yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma wayar sauti takan kwashi wannan kaɗawa idan ta kwanta a jikin wayar wuta. Sai a raba su, a kuma tabbata bakin wayar ya shiga raminsa sosai.

*Matakan da ba sa cin kuɗi*

Mataki na farko shi ne gyara mazaunin kwamfuta. Kada a ajiye ta a ƙasa ko a kan darduma, domin nan ƙura ta fi taruwa. A bar tazarar da ta kai taƙi ɗaya tsakaninta da bango, don iska mai zafi ta sami mafita. Kada a kulle ta cikin kabad, kada kuma a ajiye ta inda rana ke dukanta. Mutane da yawa sukan lulluɓe kwamfuta da zane saboda ƙura. Wannan dabara ce mai kyau idan an kashe ta kuma ta huce. Lulluɓe ta tana aiki kuwa daidai yake da toshe wa mai gudu hanci.

Mataki na biyu shi ne rage mata nauyi. Idan an buɗe manhajoji barkatai, masarrafa takan yi zafi. A kwamfuta mai Windows, idan aka danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, wani shafi zai buɗe ya nuna manhajar da ta fi cin ƙarfin masarrafa. A rufe wadda ba a bukata. Idan fanka na huci alhali ba a aikin komai, to a binciki na'urar ko wata muguwar manhaja ce ta shige ta tana aiki a ɓoye.

Mataki na uku shi ne share ƙura. Ɗalibi ba zai yi wannan ba sai da izinin malami kuma a gabansa. Ga yadda ake yi:

1. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga soket.
2. A danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita.
3. A fitar da akwatin waje, a sa takunkumi, sannan a kwance murfin gefe da sukudireba.
4. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki. Jikin mutum yakan tara wani ɗan lantarki, musamman a busasshiyar iskar hunturu, kuma tartsatsinsa na iya kashe ƙananan sassa.
5. A riƙe fiffiken fanka da yatsa don kada ya juya, sannan a hure ƙurar da abin hura iska, a share sauran da buroshi mai laushi.
6. A ɗaure wayoyin da suka saki, a ƙara ɗaure notuna, a mayar da murfi.

Akwai abubuwa 3 da ba a yi ko kusa. Ba a sa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma. Ba a hura iska da baki, domin akwai danshi a numfashi. Ba a kuma buɗe tukunyar wuta, saboda tana riƙe lantarki mai kisa ko bayan an zare ta daga soket. Idan fankarta ce ta lalace, sai a kai wa ƙwararre ya sauya tukunyar ɗungurungum.

*Matakan da ke bukatar kuɗi*

Idan an share ƙura amma gurnani bai daina ba, to fankar ta tsufa, sai a sauya ta. Ana auna faɗin fanka da milimita, kuma waɗanda aka fi samu su ne masu 80 da 92 da 120 da 140. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, don haka ta fi ƙarama shiru. Idan akwatin yana da gurbin mai 120, ita ta fi dacewa a saya. Fanka mai wayoyi 4 kuma tana ba kwamfuta damar sarrafa gudunta daidai da zafin da ake ciki.

Tsakanin masarrafa da ƙarfen da ke zuƙe zafi akwai wani mai kauri mai kama da man goge baki, wanda ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani. Bayan shekaru yakan bushe, sai zafi ya kasa wucewa. Mai gyara zai goge tsohon, ya ɗiga sabo wanda bai wuce ƙwayar wake girma ba.

Haka kuma ana iya maye gurbin faifan ajiya mai juyawa da sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD. Ba ta da wani sashe mai motsi, saboda haka ba ta ƙara ko kaɗan, ga shi kuma ta fi sauri. 'Yan ƙananan robobi da ake sawa a ƙarƙashin akwati ko a jikin notunan fanka su ma suna shanye girgiza.

*Shiru da sanyi*

Masu ƙera kwamfuta sun daɗe suna neman yadda za su haɗa shiru da sanyi. Kwamfutar Macintosh ta farko, wadda kamfanin Apple ya fitar a 1984, ba ta da fanka ko ɗaya. An yi mata kafofi ne ta yadda iska mai zafi za ta tashi sama ta fice da kanta. Amma an tsara ta haka ne tun daga masana'anta. Kwamfutar da aka ƙera da fanka ba za ta rayu babu ita ba. Wasu sukan cire wayar fanka, ko su toshe kafofin akwati da soso don su huta da ƙara. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Idan zafin masarrafa ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, sai ta rage sauri don ta kare kanta, ko ma na'urar ta mutu ana tsakiyar aiki. Wanda ya kawar da zafi ya kawar da ƙara. Wanda ya toshe ƙara ya bar zafi kuwa, garin neman gira zai rasa ido.

Tattaunawa

Ku karanta wannan hira bibbiyu, ɗaya ya zama ɗaliba, ɗaya ya zama malami.

Ɗaliba: Barka da rana, Malam.
Malami: Barka kadai. Lafiya dai ko?
Ɗaliba: Lafiya lau, Malam. Kwamfutar da ke kusa da taga ce take wata irin ƙara.
Malami: Wace irin ƙara? Huci take yi ko gurnani?
Ɗaliba: A'a, Malam, ƙas-ƙas take yi, kuma tana daɗewa kafin ta buɗe fayil.
Malami: Assha! Wannan faifan ajiya ne. Akwai aikinku a ciki?
Ɗaliba: Akwai, Malam. Duk jingar ajinmu ta wannan zango tana ciki.
Malami: To, kada ki buɗe komai. Je ki ofishina ki ɗauko filashi mu kwafe aikin tukuna.
Ɗaliba: Malam, idan na bubbuga akwatin ba za ta daina ba?
Malami: Kul! Idan kika buge ta, sai faifan ya ƙarasa lalacewa. Yi sauri dai.
Ɗaliba: To, Malam. Ga ni nan dawowa.

Ma'anar kalmomi

- girke: kafa abu wuri ɗaya
- ruri: babbar ƙara mai ɗorewa, kamar ta wuta ko ta zaki
- yi biris: ƙi kulawa da abu
- salwanta: ɓace ko lalace
- raɗa: magana ƙasa-ƙasa a kunne
- rikiɗe: sauya kama
- laima: danshin iska ko na ƙasa
- kwaramniya: ƙarar abubuwa masu bugun juna
- boris: abin da ke sa ƙafa ko fanka ta juya sumul
- taƙi: tsawon da ke tsakanin babban yatsa da na tsakiya idan an ware su
- barkatai: da yawa kuma babu tsari
- ɗungurungum: gaba ɗaya

Nahawu

*1. Umarni da hani.* Ana ba da umarni da wakilin suna da aikatau: ka kashe (namiji), ki kashe (mace), ku kashe (jam'i). Idan ba a nufin wani takamaiman mutum, sai a yi amfani da "a": a kashe. Wannan siga ce aka fi amfani da ita a rubutun bayani. Don yin hani, sai a sa "kada" ko "kar" a gaba: kada ki buɗe, kada a ajiye.

*2. Sharaɗi.* "Idan" tana gabatar da sharaɗi, "sai" kuma tana gabatar da sakamako: Idan zafi ya ƙaru, sai fanka ta ƙara gudu.

*3. Amsa-kama.* Waɗannan kalmomi ne da ke kwaikwayon sauti ko kamannin abu, kuma sukan zo bayan aikatau: Ɗakin ya yi tsit. Fanka tana juyawa sumul. Iska tana fita fuu.

*4. Jinsi da jam'i.* Fanka (mace), fankoki. Waya (mace), wayoyi. Akwati (namiji), akwatuna. Faifai (namiji), faya-fayai. Fiffike (namiji), fikafikai.

Auna fahimta

1. Kawo abubuwa 4 da ke sa kwamfutar tebur ƙara.
2. Ta yaya ƙura take sa fanka ta ƙara gudu?
3. Sau nawa faifai mai juyawa sau 5,400 a minti yake zagayawa a daƙiƙa ɗaya?
4. Wace ƙara ce ta fi haɗari, kuma me ya kamata a fara yi idan an ji ta?
5. Don me ake taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kayan ciki?
6. Me ya sa babbar fanka ta fi ƙarama shiru?
7. Bayyana ma'anar "gyaran gangar Auzinawa" kamar yadda aka yi amfani da ita a karatun.

Aikin aji

A. Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani:
1. Ka buɗe tukunyar wuta.
2. Ku ajiye akwatin a ƙasa.
3. A goge fanka da ruwa.

B. Cike gurbi da kalmar da ta dace: tsit, ƙas-ƙas, sumul, fuu.
1. Da aka ɗauke wuta, ɗakin ya yi ______.
2. Faifan ajiya yana ƙara ______.
3. Bayan an sauya boris, fanka tana juyawa ______.
4. Iska mai zafi tana fita ______ ta bayan akwati.

C. Ƙarasa waɗannan jimloli:
1. Idan noti ya kwance, sai ______.
2. Idan aka lulluɓe kwamfuta tana aiki, sai ______.

Jinga

Ka ziyarci ɗakin kwamfuta na makarantarku ko wani shagon buga takardu da ke kusa da gidanku. Ka nemi izini, ka saurari kwamfuta ɗaya na tsawon minti 5, ka kuma dubi inda aka ajiye ta. Sannan ka rubuta wa mai kula da wurin wasiƙa mai kalmomi 150, ka bayyana irin ƙarar da ka ji, da abin da kake zaton ya jawo ta, da shawarwari 3 na rage ta. Ka yi amfani da jimlar sharaɗi aƙalla sau 2 da kalmar amsa-kama aƙalla sau 1.